Ina za mu kai motarmu: gidan dila, gareji ko ƙofar gida?

A ƙasar Abzin mota ba kayan ado ba ce. Ita ke ɗauko albasa da dankali daga lambunan Tabelot, ita ke kawo lemun Timiya kasuwar Arlit, ita ce kuma ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Tsakanin Arlit da Agadas akwai kilomita wajen 240, galibinsu ba gari, ba rijiya, ba inuwa. Hanyar yuraniyom da ta taso daga Tawa ta tsufa, kwaltarta ta farfashe a wurare da dama. Wanda motarsa ta mutu a can cikin zafin bazara, ba dukiyarsa kaɗai ke cikin haɗari ba, har da rayukan waɗanda ya ɗauko.

Saboda haka tambayar wanda zai duba mana mota babba ce. Hanyoyi uku ne a gabanmu: gidan dila, wato wakilin kamfanin da ya ƙera motar, ko garejin unguwa, ko kuwa mutum ya yi da hannunsa a gida. Ra'ayinmu shi ne a raba aikin gida uku, kowa a ba shi abin da ya iya, amma garejin gari shi ne ginshiƙi.

Mu fara da gidan dila. Ba mu musun ƙwarewarsa. Yana da kayan gyara na asali, da na'urar da ke karanta kwamfutar mota, da ma'aikatan da aka horar a kan irin motar. Amma wakilin Toyota, wato CFAO, a Yamai yake, tafiyar kilomita kusan 1,200 daga Arlit. A lissafa kuɗin mai zuwa da dawowa, da masauki, da kwanakin da motar za ta yi ba ta nema. Bayan haka, galibin motocinmu na hannu ne, garantinsu ya ƙare tun kafin su iso wurinmu. Dila ya wajaba a wuri biyu. Na farko, sabuwar mota mai garanti, domin taɓa ta a wani wurin na iya zubar da garantin. Na biyu, ciwon da ya shafi kwamfuta ko famfon gazuwal na sababbin motoci, wanda gyaran lalube ke ƙara lalatawa.

Sai garejin gari. A nan Allah ya yi mana arziki. Tun da SOMAIR ta fara fitar da yuraniyom a 1971, COMINAK kuma ta biyo baya a Akokan a 1978, garuruwan nan suka saba da manyan injuna. Da aka rufe COMINAK a ƙarshen watan Maris na 2021, ma'aikata wajen 600 suka bar aiki, cikinsu har da waɗanda suka shekara suna gyaran inji. Makanikin Arlit ya san ƙurarmu, ya san ramukan hanyarmu, ya san Hilux da Land Cruiser ciki da waje. Kuma gobe za mu haɗu da shi a masallaci ko a kasuwa, ba shi da wurin ɓuya in ya yi ha'inci.

Sai dai ba kowane mai riƙe da sifana ne makaniki ba. Akwai mai canza kaya ɗaya bayan ɗaya har ya dace, mai mota na biya. Akwai kayan jabu, da baƙin man da aka sake zubawa cikin sabon galan. Araha ba ta ado. Shawararmu ita ce:

1. A zaɓi makaniki ɗaya, a zauna da shi. A tambayi direbobin da ke bin dogon zango wanda suka yarda da aikinsa.
2. A daidaita kuɗin aiki kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya.
3. A sayi baƙin mai mai hatimi, a buɗe shi a gaban mai mota.
4. A karɓi tsohon kayan da aka cire, don a tabbata an canza.
5. A ajiye ƙaramin littafi cikin mota. A rubuta ranar aiki, da lambar kilomita, da abin da aka canza, da kuɗin da aka biya.

Littafin nan shi ne shaidar mai mota. Shi ke tuna masa lokacin juyen mai, shi ke raba gardama, shi ke ƙara wa mota daraja ranar sayarwa. Ƙura da zafi da nauyin kaya suna gajiyar da mai da wuri, shi ya sa masu ƙera motoci ke cewa a gaggauta juye a irin ƙasarmu. Tsofaffin motocin gazuwal ana yi musu bayan kilomita 5,000, amma littafin da ya zo da motar shi ne alƙali.

Na uku, aikin gida. Wani zai ce: tunda kuɗi sun yi wuya, me zai hana mu yi komai da kanmu? Muna amsa masa da cewa akwai aikin da ma bai kamata a biya kowa a kansa ba. Kowace safiya, kafin a tada inji, a duba baƙin mai, da ruwan lagireto, da man birki, da iskar taya har da ta ajiya. A riƙa kakkaɓe matacin iska, in ya toshe ko ya yage a canza shi, domin yashin da ya shiga inji yana cinye shi kamar yadda gara ke cin itace. Mai sayen man jarka ya tace shi, ya kuma riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a gindin matacin gazuwal. Wannan duka ya shafi injin ban ruwa na lambu.

Amma birki, da sitiyari, da famfon mai, da wayoyin wuta, ba na koyo a ƙofar gida ba ne. Garin neman gira kada a rasa ido.

Akwai kuma batun lafiya, wanda aka cika mantawa. Kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ruwan na iya tsalle ya ƙona fuska. Kada a shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita. Kada a tsotsi fetur da baki ta tiyo, in ya faɗa huhu yana jawo ciwo mai tsanani. Kada a bar inji na aiki a rufaffen wuri, hayaƙinsa na kisa ba tare da an ankara ba. Tsohon batir yana da ruwa mai ƙuna da dalma mai cutar da ƙwaƙwalwar yara, a nisanta shi da su. Tsohon baƙin mai kuwa guba ne. Kada a zubar da shi kusa da rijiya ko lambu, kada a shafa wa raƙumi ko akuya da sunan maganin ƙazuwa. A tara shi cikin jarka mai murfi. Wannan ma wani dalili ne na barin juye a gareji, nesa da tsakar gida inda yara ke wasa.

To, jama'a, dubawar kullum tamu ce, gyara na makanikin da muka amince da shi ne, dila kuma sai ga sabuwar mota ko ciwon da ya gagari gari. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai kama hanyar Agadas, ko Iferwan, ko Asamaka, ya kai motarsa gareji kwana biyu kafin tashi, ya ɗauki ruwan sha fiye da yadda yake zato, ya kuma sanar da ƴan uwa lokacin da ake sa ran isarsa. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.