'Yan Suleja Mazauna Kurmi, Mu Gina Wa Yaranmu Gidan Koyon Sana'a

Maganar yau da 'yan'uwanmu ce na ƙasar Suleja waɗanda neman abinci ya kai su Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal. Amma sauran 'yan Arewa ma su kasa kunne, don kuwa abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Kowa ya san irin kyautar da Suleja ta yi wa ƙasar nan. Da sunanta Abuja, sunan da ta samo daga Abu Ja, wanda ya kafa garin a 1828. A 1976, zamanin Janar Murtala Muhammed, aka yanke shawarar gina sabon babban birnin Tarayya, aka yanki ƙasa mai yawa daga masarautar, aka kuma ɗauki sunan aka ba sabon birni. Tsohon gari ya koma Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau. A watan Disamba na 1991 Gwamnatin Tarayya ta tare a Abuja.

To, tun daga ran nan ba a daina gini a Abuja ba. Kowane gida da aka tayar yana bukatar magini da kafinta da mai walda, da mai haɗa wutar lantarki, da mai aikin famfo, da mai shimfiɗa tayil, da mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Wa ke yin waɗannan ayyuka? Ku tambayi duk wanda ya taɓa gini a can, zai gaya muku yadda ake rububin ƙwararru daga Togo da Jamhuriyar Benin. Su kuwa yaranmu da aka haifa a gindin Dutsen Zuma, da yawansu abin da ke kai su wurin ginin shi ne ɗaukar bulo da kwaɓa siminti, a biya su na yini su koma gida. Wanda ya gaji da wannan sai ya hau babur. A 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja, sai wasu suka gangaro nan Kurmi. A 2022 Gwamnatin Jihar Ikko ita ma ta hana shi a wasu ƙananan hukumominta, aka kwashe babura masu yawa aka murƙushe. Ku da ke zaune a Agege da Idi-Araba da Mil Sha Biyu kun ga yadda samari suka wayi gari ba jari ba sana'a. Babur ana iya ƙwace shi a kan titi, amma sana'ar da ke hannun mutum ba ɗan sandan da zai iya ɗora ta a mota ya tafi da ita.

Abin da ya fi ban takaici shi ne, Suleja ta riga garuruwa da yawa sanin amfanin koyar da sana'a. A farkon shekarun 1950 wani Bature mai suna Michael Cardew ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a garin, bayan ya ga tukwanen wata Bagwariya a fadar Sarki Sulaimanu Barau. Matar nan ita ce Ladi Kwali, wadda ta shiga makarantar a 1954, mace ta farko da aka ɗauka. Ba ta yi boko ba, amma aka nuna aikinta a Landan, ta zaga Amurka tana nuna wa ɗalibai yadda ake gina tulu, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, aka kuma sa hotonta a bayan takardar naira ashirin. Ta rasu a 1984. Sai dai makarantar ta gwamnati ce, da gwamnati ta kau da kai sai wurin ya yi shekaru yana lalacewa, saboda ba wata ƙungiyar mutanen gari da ke ganin nauyinsa a wuyanta yake.

Yanzu ku ji labarin wasu da suka bi ta wata hanya dabam. A birnin Filadelfiya na Amurka an yi wani limamin coci baƙar fata mai suna Leon Sullivan. A ƙarshen shekarun 1950 ya haɗa kan 'yan'uwansa limaman coci, suka ce wa mabiyansu su daina sayen kayan duk kamfanin da ba ya ɗaukar baƙar fata aiki. Da kamfanoni suka ji a aljihunsu, sai suka buɗe ƙofa. Nan fa Sullivan ya ga wata matsala sabuwa: ga aiki ya samu, amma mutanensa da yawa ba su da horon da za su riƙe shi. Saboda haka a 1964 ya karɓi wani tsohon gidan tsare masu laifi da aka yi watsi da shi, aka share, aka mai da shi wurin koyon sana'a. Sunan ƙungiyar a taƙaice OIC, amma kada a rikita ta da ƙungiyar ƙasashen Musulmi mai irin waɗannan haruffa.

Abubuwa uku ne suka riƙe aikin nan, kuma duka ukun ba su fi ƙarfinmu ba. Na farko, ba a miƙa wa mutum guduma ranar da ya zo, sai ya fara zama a ajin share fage, inda zai gyara karatu da rubutu da lissafi, ya koyi zuwa aiki a kan lokaci. Na biyu, sai an tambayi masu kamfanoni irin ma'aikatan da suke nema kafin a tsara abin da za a koyar, don kada a yaye mutum ya rasa mai ɗaukarsa. Na uku shi ne kuɗi. Sullivan ya roƙi mutanen cocinsa kowa ya riƙa zuba dala 10 duk wata har wata 36, wani kaso sadaka, wani kaso jari. Da irin wannan tarin suka gina babbar kasuwar kantuna tasu ta kansu a 1968. Ashe ba adashi ba ne wannan? Kuma ba labarin nesa ba ne, domin reshen ƙungiyar ya iso Ikko tun wajen 1970, ya koya wa matasa gyaran mota da aikin lantarki da girke-girke a Gbagada.

Na san abin da wasu za su ce. Wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, an kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu a 1971, an kafa Hukumar Samar da Aikin Yi a 1986, kuma muna da haƙƙin mu matsa musu lamba. Amma yaron da ke da shekara sha biyar bana ba zai tsaya a sha biyar yana jiran kasafin kuɗi ba, kuma makarantar tukwane ta ishe mu darasi a kan dogara ga hukuma kaɗai.

Wani kuma zai ce an sha tara kuɗin ƙungiya ana cinyewa. Wannan ita ce magana mai nauyi, ba kuwa za a kashe ta da rantsuwa ba. Maganinta tsari: a yi wa ƙungiya rajista, kuɗi su shiga banki, mutum uku su sa hannu kafin a fitar da ko kwabo, a karanta lissafi a bainar jama'a duk bayan wata uku, a kuma nemi albarkar fadar Sarki da malaman gari don masu hannu da ƙaiƙayi su ji kunya.

Kada kuma a fara da dogon gini da bikin aza harsashi. A kama hayar shago huɗu ko biyar, a ɗauki ƙwararru a biya su albashi, a fara da aikin famfo da lantarki da tayil da ɗinki, 'yan mata ma a ba su gurbinsu, almajiran da suka sauke a karɓe su. Wanda ya gama a kai shi ya zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, ya fito da takarda a hannu, a haɗa masa da akwatin kayan aiki bashi, ya biya a hankali don na bayansa su samu.

Ku kuma mazauna Kurmi akwai abin da kuka fi na gida. Kullum kuna ganin yadda Ibo ke riƙe yaro a kanti shekaru sannan ya sallame shi da jari, da yadda Bayarabe ke yi wa yaron shagonsa bikin yaye. Cikinku akwai dillalan shanu da masu canjin kuɗi da masu manyan motoci. Abin da ake kashewa a kan shaddar Sallah guda ya isa ya sayi injin walda. In kowane sarkin Hausawa ya kira taro, aka rubuta sunayen masu iya zubi duk wata, kafin shekara ta zagayo za a ga abin da hannu da yawa ke iya ɗauka.

Sallah na nan tafe, za ku je gida. Kafin ku hau mota ku zauna ku yanke magana, ku tafi da ita a rubuce, kada ta tsaya a hirar tasha. Kakanninmu sun ba da ƙasa da suna aka gina birni, bai kamata jikokinsu su ƙare a ɗaukar bulo a cikinsa ba.

Allah ya haɗa kanmu, ya sa mu dace, amin.