Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya Kan Yara Masu Nauyin Baki

Mai girma Minista, Farfesa Muhammad Ali Pate,

Kuka na kawo maka a madadin yaran da suka kai shekara uku ko huɗu bakinsu bai buɗe ba, da iyayensu mata da ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba.

Ranka ya daɗe, ka san yadda abin yake a gidajenmu. Uwa ta lura ɗanta ya shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, ko "ba ni" ba ya cewa, sai dai ya ja zanenta ya nuna randa. Ta faɗa wa uwar miji, a ce mata nauyin baki ne, ubansa ma haka ya yi. In an ƙara shekara, a kira wanzami ya yanke linzami. Daga nan sai rubutu da hayaƙi. Ranar da za a kai shi asibiti ya kusa shiga aji ɗaya, shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi saurin kama magana sun wuce, kuma yaran unguwa sun riga sun sa masa suna bebe.

Da yawa daga cikinsu harshensu lafiya lau yake, kunne ne ba ya ji. Shawara mai tsanani a makon haihuwa, ƙyanda, sanƙarau, ciwon kunne mai zubar da ruwa da aka bari ya daɗe, duk suna kashe ji, kuma duk ruwan dare ne a Arewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara kimanin miliyan 34 ne ke da matsalar ji mai tsanani, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata. Wasu kuma galahanga ce, wasu in'ina, wasu jinkiri ne da ke bukatar ɗan taimako kawai. Kowanne da hanyarsa, amma sai an duba tukuna.

Gyaran magana ba allura ba ne, ba kuma ƙwaya ba. Ƙwararre yana gwada jin yaro, ya ga abin da yake fahimta, sannan ya koya wa uwa aikin da za ta riƙa yi a gida. Ta durƙusa fuskarta ta daidaita da tasa, ta riƙe kofi ta ce "ruwa", ta yi shiru ta jira. In ya ce "uwa", kada ta ce ya yi kuskure, sai ta amsa da fara'a, "E, ruwa," ta miƙa masa. Haka wajen wanka, haka wajen cin tuwo, kullum. Wannan ba ya cin kuɗi. Wanda zai nuna mata ne babu.

Ƙwararrun gyaran magana da hukumar da ke kula da su, MRTB, ke yi wa rajista sun yi kaɗan, yawancinsu kuma suna manyan birane. Cibiyar kula da kunne ta ƙasa tana Kaduna, amma matar da ke ƙauye a Yobe ko Kebbi, kuɗin mota kaɗai ya isa ya zaunar da ita.

Kai ka jagoranci hukumar kula da lafiya a matakin farko daga 2008 zuwa 2011, ka san layin da mata ke yi ranar rigakafi. Suna zuwa a mako 6, da 10, da 14, su dawo a wata 9 da wata 15. A nan nake roƙon a fara. A ƙara 'yan tambayoyi a katin rigakafi: yana juyowa in an kira sunansa? Yana gwaranci? Yana nuna abu da yatsa? A horar da ma'aikatan lafiyar da ke zaune a wurin su yi tambayar da harshen uwar, su kuma san asibitin da za su tura ta. An taɓa gwada auna jin jarirai a wuraren rigakafi a Legas, ya kuma yiwu.

Sannan jami'o'inmu na Arewa su buɗe fannin gyaran magana, a samar da ma'aunin magana da Hausa da Fulatanci da Kanuri, domin yaron da ya tashi da Hausa ba za a gane matsalarsa da gwajin da aka tsara wa ɗan Ingila ba. Dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta shafi waɗannan yara. Ina roƙon ka sa wannan aiki cikin kasafin ma'aikatarka na shekara mai zuwa.

Allah Ya yi maka jagora. Wassalam.