Samarin Shanono Na Tsere, Alƙalumanku Na Dubai

Yau da faɗa muka zo, wanda ya ji zafi ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A makon jiya wani ɗan wannan zaure, mutumin Shanono, ya ɗora mana shafi uku na labarin da ya fara rubutawa. Labarin wasu abokai ne da ke haɗuwa sau ɗaya a shekara, bayan an kai amfanin gona gida, su yi tseren gudun fanfalaki a tsakaninsu. Ba su da yawa, kuma duk sun san juna. Babu gwamna, babu banki, babu ɗan jarida. Ana sallame sallar asuba suke tashi, su bi burtali, su ratsa gonakin da aka girbe, su keta busasshen rafi, su zaga ta wasu ƙauyuka su dawo gindin tsamiyar da suka taso. Wanda ya zo na ɗaya ladansa ƙwaryar fura da 'yancin tsokanar sauran har shekara ta zagayo.

Duk mun ga abin da aka yi masa a wajen sharhi. Wani ya ce labarin ba gishiri. Wata ta ba shi shawara ya mayar da jarumin ɗan hamshaƙin attajiri wanda ya dawo daga Landan yana gudun rage tumbi a Abuja, har ya yi karo da wata kyakkyawa. Wani ya tambaya ko wa zai ƙona datarsa a kan ƙauyawa na gudu. Wani mai ilimi kuma ya ce ai wannan ma bai cancanci sunan gudun fanfalaki ba, tunda babu wanda ya auna hanyar. Mu a ganinmu shafi ukun nan sun fi littattafai da yawa da ake yayi a WhatsApp da Wattpad amfani ga adabin Hausa, kuma masu dariyar nan su ne kazar da ta kwana a kan dami da yunwa. Bari mu bi hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da mai ma'auni. Gaskiya ne, tsawon gudun fanfalaki a hukumance kilomita 42 ne da mita 195. To amma daga ina wannan adadi ya fito? Lokacin da aka yi tseren a gasar Olamfik ta farko a ƙasar Girka a 1896, hanyar wajen kilomita 40 ce. A gasar Landan ta 1908 aka shata hanya daga fadar Windsor zuwa gaban rumfar 'yan gidan sarauta a filin wasa, tsawon ya kama 42 da 'yan kai, sai a 1921 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta tsayar da shi ya zama doka. Ke nan mutane ne suka zauna suka yanke, kamar yadda samarin Shanono suka yanke cewa nasu daga tsamiya ne zuwa tsamiya. Manyan tseren da ake nunawa a talabijin ma da ƙanƙanta suka fara. Na birnin Boston a Amurka ya soma a 1897 da mutum 15. Na New York ya soma a 1970 da mutum 127, kowa ya biya dala ɗaya, 55 kacal suka kai ƙarshe. Da marubutan can sun ce sai taron ya yi ƙiba za su ɗaga alƙalami, da yau babu wanda ya san farkonsa.

Akwai ma wanda har gobe bai yarda ya yi ƙiba ba. A dazuzzukan jihar Tennessee ta Amurka ana yin wani tsere mai suna Barkley tun 1986. Mutum wajen 40 ake ɗauka a shekara. Ba a sanar da ainihin lokacin tashi, sai dai a busa ƙaho saura awa ɗaya, kuma alamar a fara ita ce mai shirya tseren ya kunna taba. Ana ɓoye littattafai a cikin dajin, kowane ɗan tsere sai ya yago shafin da ya yi daidai da lambarsa don ya zama shaidar ya bi ta wurin. Zagaye biyar ne cikin awa 60, kuma shekaru da yawa kan wuce babu wanda ya gama. A 2024 wata likitar dabbobi 'yar Birtaniya, Jasmin Paris, ta zama mace ta farko da ta kammala, saura daƙiƙa 99 lokaci ya cika. Me ya kai labarin wannan ɗan taro kunnen duniya? Mutane ne suka rubuta shi, wasu suka yi fim a kansa. Can ana yaga littafi a yi tsere, nan an hana tsere shiga littafi.

Sai masu cewa ba gishiri. Muna tambayarsu: kun taɓa gudu a gonar da aka girbe? Kunyoyi ne a jere, ko wacce sai ka tsallaka, ga tushiyar dawa a tsaye kamar an kafa masu. In ka kauce ka faɗa ciyawa, ƙarangiya ta cika maka wando, tsidau ya huda takalmin gwanjon da ka ara. In ka shiga rafi, rairayi ya riƙa haɗiye ƙafarka, ka yi taku uku ka ci ribar ɗaya. In ka hau burji, mai babur ya wuce ya bar ka da jar ƙura a maƙogwaro. Ga sanyin hunturu na yanka leɓe da asuba, kafin hantsi kuma rana ta fara karɓar nata kason. Masana sun ce sukarin da jiki ke tarawa a hanta da tsoka yakan kusa ƙarewa idan mai gudu ya doshi kilomita 30, shi ya sa 'yan tsere ke kiran wannan wuri bango. Ƙafa ta yi nauyi kamar turmi, tunani ya rikice, mutum ya fara ciniki da kansa: in kai waccan kukar in tsaya, ko in ƙara zuwa waccan rijiyar? Marubucin da bai ga labari a wannan ciniki ba, ko an kai shi Dubai ba zai gani ba.

Balle kuma mutanen. A irin wannan ayari akwai wanda ke shirin zuwa tantancewar shiga soja karo na uku, yana mafarkin ganin kansa a Zariya da kaki. Akwai wanda ya yi aure bana, yana so ya nuna wa gwauraye cewa tuwon amarya bai kashe masa gwiwa ba. Akwai biyun da rikicin iyakar gona ya raba iyayensu, ga shi hanya ta haɗa su kafaɗa da kafaɗa, ledar ruwa ɗaya ta rage a hannun mai babur ɗin da ke bin su. Akwai wanda ke gaba, ya waiwaya ya ga jijiya ta riƙe amininsa, dole ya zaɓa tsakanin fura da zumunci. Akwai dattijon da ke kan hanyar kasuwa da jakinsa, ya ga ƙartai sun taho a guje, ya tambaya ko lafiya, da aka ce masa wasa ne ya riƙe baki. Malaman rubutu suna ta koya mana cewa labari na buƙatar buri da cikas da zaɓi. Ga su nan a zube kyauta, ba sai an ƙirƙiro mugun kawu mai son cinye gado ba.

Wasu sun fake da cewa gudu ba al'adarmu ba ce, wai babba ba ya gudu sai da dalili. To wace al'umma ce ta yi langa da kokawa da dambe da tseren dawaki, sannan a ce ba ta san wasan ƙarfi ba? Abin da ya bambanta ɗan dambe da ɗan gudu a ƙasar Hausa shi ne maroƙi. Yaran da aka haifa shekaru da yawa bayan Shago ya ajiye zare sun san sunansa, saboda Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya yi masa waƙa. Nawa ne suka yi dambe a zamaninsa aka binne su da sunayensu don ba su sami mawaƙi ba? Ɗan gudu ba shi da kalangu a bayansa. In marubuci bai tsaya masa ba, babu mai tsaya masa.

Ku dubi Habasha. Abebe Bikila, ɗaya daga dogaran Sarki Haile Selassie, ya ci gudun fanfalaki na Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ya sake ci a Tokyo a 1964. Labarinsa ya shiga kunnen yaran karkara, suka gane cewa ƙafar da ke kai su makaranta da kiwo za ta iya kai su wani wuri. Ƙaramin garin manoma mai suna Bekoji shi ya fitar da Derartu Tulu, wadda ta ci zinare a tseren mita 10,000 a Basalona a 1992, shi ya fitar da Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba. A nan gida, tun da aka fara gasar gudun fanfalaki ta Legas a 2016, 'yan Kenya da Habasha ne ke ta kwashe manyan kyaututtukan. Ba mu ce labari ɗaya zai mayar da Shanono Bekoji ba. Abin da muka sani shi ne yaro ba ya sha'awar abin da bai taɓa jin an yaba ba. Idan duk jarumin da ya karanta a waya mai Range Rover ne, kada a yi mamaki in ya raina ƙafarsa da gonar ubansa.

Saura masu batun kasuwa, kuma su ne suka fi kusa da gaskiya. Lallai labarin soyayyar masu kuɗi na tafiya, kuma ba mu ce haramun ba ne. Amma mai karatu abin da aka saba masa yake nema. Lokacin da Rupert East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, babu wata kasuwar ƙagaggen labarin boko da ke jiran kowa. Abubakar Imam ya kawo Ruwan Bagaja, Bello Kagara ya kawo Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo Shaihu Umar, Muhammadu Gwarzo ya kawo Idon Matambayi. Su suka ƙirƙiri masu karatun. Yau mutum ɗari na rubuta gidan sama ɗaya a Maitama, gidan da yawancinsu ko ƙofarsa ba su taɓa gani ba, har sunayen jaruman ma aro suke yi a wurin juna. Wanda ya shigo wannan cunkoso da labarin da shi kaɗai ya san shi, shi ne mai sabon kaya a kasuwa.

Akwai kuma dalilin da ya fi duk waɗannan nauyi. Ku rubuta sunan Shanono a intanet ku ga abin da zai fito. Tun ƙarshen 2025 da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa da ke iyaka da jihar Katsina, labarin da duniya ke ji daga wannan yanki shi ne hari da sace mutane da barin gida. Mutum ya ji an ambaci Faruruwa, gabansa ya faɗi. A Hausa kalma ɗaya ce gudu, amma gudu biyu ne: akwai na ƙafa me na ci ban ba ki ba, akwai na wanda ya ɗaura takalmi don ransa ya so. 'Yan jarida suna rubuta na farkon, kuma aikinsu ne. In babu mai rubuta na biyun, jikokin mutanen Alajawa da Tsaure da Shakogi za su buɗe tarihi su ga kakanninsu ba su taɓa yin komai ba sai tsira da rai. Mai cewa yanzu ba lokacin labarin wasa ba ne ya sani, samarin da suka fito da asuba suka bi hanyoyin ƙasarsu suna dariya sun ƙi yarda tsoro ya karɓe musu ita. Wannan ma tarihi ne, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Ga ɗan uwanmu mai shafi uku, da duk mai irin labarinsa a ƙauyensu, ga shawararmu. Kada ka shigo da 'yar minista. Kada ka kai jaruminka Olamfik a babi na ƙarshe, bar shi a gindin tsamiya da ƙwaryar furarsa. Je ka zauna da masu gudun, ka tambaye su inda hanya ta fi cin rai da abin da suke faɗa wa kansu a wurin. Hau babur ka bi hanyar da kanka, ka san sunan ko wace ƙaya da ko wace bishiya, ka ji abin da mata ke cewa ta kan danga idan ayari ya wuce. Wanda ya zo na ƙarshe ma ka ba shi babinsa, sau da yawa nasa labarin ya fi na zakaran. Sunayen mutane ka sauya su, amma ƙasar ka bar ta yadda Allah Ya yi ta.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuta kalma 500 a kan wata gasa da ake yi a unguwarsu ko ƙauyensu wadda ba ta taɓa shiga jarida ba, gudu ne, langa ce, tseren jakuna ne ko gasar noma. Sharaɗi ɗaya ne, duk labarin da jirgin sama ya sauka a cikinsa ba za mu karanta ba. A ɗora a ƙarƙashin wannan rubutu kafin Juma'a. Masu ganin mun yi kuskure kuma ƙofa a buɗe take, a zo da hujja. Allah Ya yi wa alƙalumanmu albarka, Ya zaunar da Shanono da sauran ƙasarmu lafiya.