FILIN UWARGIDA: Ƙananan Burodin Mumbai Masu Cuku Don Ranar Taro

 A wannan wata za mu leƙa birnin Mumbai na ƙasar Indiya, mu ɗauko wani abincin bakin titi wanda zai fid da ke kunya ranar suna ko walima ko taron ƙungiya, ba tare da kin sayi ko tsoka ɗaya ta nama ba. Duk wadda ta taɓa yin cefanen taro ta san nama ne ke lashe kuɗin, kuma duk da haka sai a tashi wani ya samu wani bai samu ba. Shi kuwa wannan abinci da ƙidaya ake yinsa, kin san yawan baƙinki, kin san yawan abin da za ki gasa.

Sunansa a can pav bhaji, ana faɗinsa kamar "fau baji". Fau shi ne ɗan burodi mai laushi, baji kuwa dagargajajjen dankali ne da kayan lambu da aka soya da bota da kayan yaji.

ASALINSA

Turawan Fotugal ne suka kai irin wannan burodi gaɓar yammacin Indiya bayan sun kama Gowa a 1510, kuma daga kalmarsu ta burodi, wato pão, aka samo sunan fau. Su ne kuma suka gina ganuwar Elmina a 1482, kuma daga wannan kalma ce aka samo paanoo da maƙwabtanmu masu jin Tuwi ke kiran burodi da shi. Ashe burodin Kumasi da na Mumbai 'yan gida ɗaya ne wajen suna.

A 1854 aka kafa masaƙar auduga ta farko a birnin, wanda a lokacin ake kira Bombay, kafin a mai da shi Mumbai a 1995. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke, daga 1861 zuwa 1865, audugar Amurka ta daina isa Ingila yadda aka saba, sai kasuwar audugar Bombay ta buɗe, mutane suka yi ta kwararowa daga ƙauyuka neman aiki. Mutanen birnin suna danganta fau baji da ma'aikatan waɗannan masaƙu, masu ɗan gajeren hutun rana, waɗanda ke buƙatar abinci mai araha, mai saurin ci, wanda ba zai kashe musu jiki ba. Sai masu sayar da abinci suka riƙa haɗa kayan lambun da ke hannunsu a kan wani faffaɗan kaskon ƙarfe da ake kira tawa, su dagargaza, su miƙa da burodi. Yau har a bakin tekun Juhu da Cofati ana sayar da shi, talaka da mai kuɗi kowa na tsayawa ya ci. Daga baya aka fara yayyafa masa gurzajjen cuku, musamman na kamfanin Amul, wanda ƙungiyar masu kiwon shanun madara ta kafa a garin Anand na jihar Gujarat a 1946.

A titi, bajin daban ake zuba shi a faranti, ruwa-ruwa, a dangwala da burodi. A wurin taro kuwa, inda mutane ke zaune a kan benci da kayan ado, ba wadda ke son miya ta ɗiga mata a leshi. Shi ya sa ake cusa bajin a cikin ƙananan burodi a gasa da cuku, kowa ya ɗauka da hannu ɗaya. To a nan sirrin yake, uwargida: bajin taro dole ya yi kauri, kuma dole ya isa ga baƙi da zafinsa.

KAYAN HAƊI (NA GUDA 24)

Ƙananan burodi masu laushi 24, kowanne kamar dunƙulen hannun yaro
Dankalin Turawa giram 600, wato matsakaita 4 ko 5
Karas 2
Farin kabeji, rabin ƙarami
Koren wake, gwangwanin madara 1
Koren tattasai 1
Tumatir nunannu 4
Albasa manya 2
Tafarnuwa ƙwaya 6
Ɗanyar citta, kamar gaɓar yatsa
Attaruhu 1 ko 2
Bota giram 150
Cuku mai narkewa giram 300
Garin busasshen jan tattasai, babban cokali 1
Kurkum, rabin cokalin shayi
Yajin fau baji, babban cokali 2
Lemun tsami 2
Ganyen koriyanda da gishiri

Wajen sayen burodi, ki nemi mai bota, kada ki ɗauki mai sukari da yawa, domin zaƙinsa zai yi faɗa da yajin. Idan kin saba da mai gidan burodin unguwarku, ki ba shi sautu tun ana jibi, ki ce ya gasa miki ƙanana a manne da juna, 12 a tire ɗaya.

Yajin fau baji ana samunsa a kwali a kantunan Indiyawa, irin na Everest ko MDH. Idan bai samu ba, ki haɗa naki: 'ya'yan koriyanda babban cokali 2, kumin cokali 1, masoro rabin cokalin shayi, kanumfari 4, ɗan guntun kirfa, da busasshen barkono 3. Ki toya su a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi, ki daka, ki tankaɗe. Na kanti yana da garin busasshen ɗanyen mangwaro mai ba shi ɗan tsami, ke kuwa lemun tsami ko ruwan tsamiya zai yi miki wannan aiki.

YADDA AKE YIN BAJIN

Da farko ki feraye dankali da karas, ki yanka su tare da farin kabejin, ki dafa da ɗan gishiri har su yi luguf, kamar minti 20. Koren waken ki zuba shi a minti 5 na ƙarshe. Kada ki sa tumatir a wannan tukunya, domin tsaminsa na hana dankali saurin nuna. Ki tsane ruwan sosai, ki ajiye rabin kofi a gefe, sannan ki dagargaza su da muciya ko bayan ludayi tun da zafinsu. Kada ki kai su injin markaɗe, zai sa dankalin ya yi yauƙi kamar ƙullun sitaci.

Bayan haka ki ɗora faffaɗan kasko, ki narkar da bota giram 60. Ki zuba yankakkiyar albasa ɗaya da rabi, ki soya har ta yi laushi, kana ki zuba dakakkiyar tafarnuwa ƙwaya 4 da citta da attaruhu, ki juya na minti 1. Sai koren tattasai, sai tumatir da kika yanka ƙanana. Ki bar shi a kan wuta kina juyawa har ruwan tumatirin ya ƙone, man ya fara fitowa a gefe. Wannan shi ne matakin da ba a yi masa gaggawa, domin duk ruwan da kika bari a nan, cikin burodinki zai koma.

Daga nan sai ki zuba yajin da garin tattasai da kurkum, ki juya kaɗan, kana ki juye dagargajajjen dankalin. Ki ci gaba da dannawa kina juyawa na minti 10 a kan wuta kaɗan. Idan ya nemi kamawa ki yayyafa ruwan da kika ajiye. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima: ki ɗebo cokali ɗaya ki karkata shi, idan bajin ya tsaya bai zubo ba, to ya yi. Ki ɗanɗana gishiri, ki matsa lemun tsami ɗaya, ki zuba yankakken ganyen koriyanda, ki sauke ya sha iska.

MAGANAR CUKU

Ba kowane cuku ne ke narkewa ba. Wagashi da Fulani ke yi da madarar shanu da tumfafiya, ɗan'uwan fanir ne na Indiyawa, wanda su suke tsinka madararsa da lemun tsami ko ruwan khal. Dukansu biyu ko an ɗora su a wuta laushi kawai suke yi. Saboda haka idan kina son cukun da zai narke ya riƙe burodin, ki sayi na kanti, ceda don ɗanɗano, mozarela don ja, ko ki haɗa rabi da rabi. Ki sa shi ya yi sanyi tukuna sannan ki gurza da kanki.

Idan aljihu bai kai giram 300 ba, ki sayi rabi, ki cike da wagashi. Ki yanka wagashin ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, ki soya sama-sama, ki cakuɗa a cikin bajin. Su ma a Mumbai suna yin fau baji mai fanir, don haka ba ki kauce hanya ba.

HAƊAWA DA GASAWA

Ki narkar da sauran botar, ki zuba mata ragowar tafarnuwa da ɗan yajin fau baji. Ki raba tiren burodin gida biyu a kwance da wuƙa mai tsawo, sama da ƙasa, ba tare da kin ɓalle su ɗaya-ɗaya ba. Ki shafa botar a cikin, ki kifa a kan kasko mai zafi har fuskar ta yi ja-ja. Wannan gashin shi ke hana burodin jiƙewa, kada ki tsallake shi.

Sai ki shimfiɗa ƙasan burodin a tire, ki barbaɗa kashi ɗaya cikin uku na cukun, ki ɗora baji kamar babban cokali 2 a kan kowane ɗaya, ki yayyafa ɗanyar albasar da ta rage, wadda kika yanka siri-siri, kana ki rufe da sauran cukun. Ki ɗora saman burodin, ki shafe shi da bota. A gasa a obin mai zafin digiri 180 na minti 8 zuwa 10, har cukun ya narke. Wadda ba ta da obin, ta zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ta ɗora a murhun gawayi har ya ɗauki zafi, ta sa tiren a kai, ta rufe, ta ɗora 'yan garwashi a kan murfin. Da an sauke sai a yanka a bin layin burodin, a jera a faranti da yankakken lemun tsami a gefe.

TSARA LOKACI

Ki lissafa guda 2 ga kowane baƙo idan akwai shinkafa ko wani abinci, 3 idan shi kaɗai ne da abin sha. Ke nan baƙi 36 za su ci tire 6 masu guda 12, wato ki ninka kayan haɗin nan sau uku.

Idan kina da firiji kuma wutar lantarki na zama, ki yi bajin tun ana gobe, ki baza shi a faffaɗan mazubi ya huce da wuri, ki rufe ki sa a ciki. Kwanan ma ƙara masa daɗi yake yi. Da safe ki ɗumama shi har ya yi tururi sosai kafin ki cusa. Idan kuwa babu tabbacin wuta, ki yi shi da safiyar ranar. Masana lafiyar abinci suna gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a fili, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 ne kacal. Dankali da cuku ba sa jure zaman rana a ƙarƙashin rumfa, kuma babu uwargidan da ke son a tuna da sunan ɗanta saboda ciwon ciki.

Saboda haka kada ki gasa duka a lokaci ɗaya. Ki sa yarinya ɗaya a kan haɗawa, ɗaya a kan wuta, tire na fita wani na shiga. Cuku in ya huce tauri yake yi, amma in ya fito da zafinsa, za ki ga faranti ya dawo wayam kafin na biyu ya nuna.

Uwargida, a gwada a gida da tire ɗaya kafin ranar taron, don ki san hannun yajinki da ƙarfin wutarki. Wadda ta gwada ta rubuto mana yadda ta kaya. A ci daɗi lafiya, sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.