Sharhi: Darasin Da Ke Cikin Labaran Masu Ƙirƙirar Wasannin Kwamfuta Su Kaɗai

Tun bayan da manyan kamfanonin wasannin kwamfuta suka sallami dubban ma'aikatansu a shekarun 2023 da 2024, labaran mutanen da suka ƙirƙiri wasa su kaɗai a cikin ɗakunansu, suka kuma yi arziki da shi, sun ƙara jan hankalin matasa a sassa daban-daban na duniya. To sai dai kuma akwai buƙatar yin tsai da hankali wajen tantance ainihin darasin da ke ƙunshe cikin waɗannan labarai.

Babu labarin da aka fi yawan kafa misali da shi a wannan fage kamar na Eric Barone, wani matashi ɗan ƙasar Amurka, wanda ya kammala karatun ilmin kwamfuta a jami'a a shekarar 2011 amma bai samu aikin da yake nema ba. Domin ya ƙara gogewa, sai ya duƙufa wajen ƙirƙirar wani wasa na noma da zaman ƙauye mai suna Stardew Valley. Shi ya rubuta umarnin kwamfutar, shi ya zana hotunan, shi ya tsara kiɗan, kuma shi ya rubuta maganganun mutanen da ke cikin wasan. Aikin ya ɗauke shi kimanin shekaru huɗu da rabi, yana yi yana kuma aikin wucin gadi na nuna wa 'yan kallo kujerunsu a wani gidan wasan kwaikwayo da ke birnin Seattle. An fitar da wasan a watan Fabrairun 2016, kuma cikin watanni biyu aka sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya. Ya zuwa ƙarshen shekarar 2024 adadin ya haura miliyan 41.

Barone ba shi kaɗai ba ne. A ƙasar Japan, Daisuke Amaya ya shafe shekaru biyar yana gina wasan Cave Story a lokutan hutunsa, kafin ya fitar da shi kyauta a 2004. A ƙasar Suwidin, Markus Persson ya fara wasan Minecraft shi kaɗai a 2009, kuma a 2014 kamfanin Microsoft ya sayi kamfanin da ya kafa a kan kuɗi dala miliyan 2,500. A baya-bayan nan ma, wani ɗan ƙasar Kanada da ya ɓoye sunansa na gaskiya ya fitar da wasan karta mai suna Balatro a watan Fabrairun 2024, wanda aka sayar da kwafi miliyan biyar nasa cikin ƙasa da shekara guda. Idan aka kwatanta wannan da ma'aikata 1,900 da Microsoft ya sallama daga sashensa na wasanni a watan Janairun shekarar 2024, ba abin mamaki ba ne a ga matashi ya yanke shawarar cewa gara ya rufe ƙofa ya yi aikin kansa.

Amma fa akwai abubuwa biyu da waɗannan labarai ke ɓoyewa. Na farko dai, kalmar "shi kaɗai" ba ta faɗin gaskiya baki ɗaya. A tsawon shekarun da Barone ya yi yana aiki, abokiyar zamansa ce ta ɗauki kaso mai yawa na ɗawainiyar gida, kuma da lokacin fitar da wasan ya yi, wani kamfani na ƙasar Ingila mai suna Chucklefish ne ya kula da harkar tallata shi. Masu iya magana na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk wanda ya zauna shekaru huɗu babu cikakken albashi, to akwai wani a bayansa da ke biyan kuɗin haya da na cefane, ko da kuwa ba a rubuta sunansa a jikin wasan ba.

Na biyu kuma, waɗanda suka yi nasara ne kawai ake jin labarinsu. A kasuwar Steam, wadda ita ce mafi girma wajen sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, an fitar da sababbin wasanni fiye da 14,000 a shekarar 2023, sannan fiye da 18,000 a 2024. Dala 100 kacal mutum ke biya ya sa wasansa a kasuwar, lamarin da ya buɗe ƙofa ga kowa, ya kuma haddasa cunkoson da ke binne akasarin wasannin tun ranar da suka fito. Daga ɗan abin da aka samu kuma, kamfanin da ke da kasuwar na ɗaukar kashi 30 cikin 100. Saboda haka wanda ya ajiye aikinsa ko karatunsa domin ya bi sawun Barone, caca ya shiga, kuma da shekarun ƙuruciyarsa yake yin ta.

A haƙiƙa darasin da ya fi amfani yana wani wuri dabam ne, wato a tarukan da ake ƙirƙirar wasa daga farko har ƙarshe cikin kwanaki biyu ko uku. Ɗaya daga cikin mafiya daɗewa ita ce gasar Ludum Dare, wadda aka fara a 2002. A babban rukuninta ana bai wa mutum sa'o'i 48 ne ya gina wasa shi kaɗai, bisa wani jigo da mahalarta suka zaɓa da ƙuri'a, wanda ba a bayyana shi sai lokacin da agogo ya fara bugawa. Babu kyautar kuɗi, kuma mahalartan ne ke gwada wasannin juna suna ba da maki. Akwai kuma taron Global Game Jam da aka fara a 2009 da mutane kimanin 1,600 a ƙasashe 23, wanda ya zuwa watan Janairun 2020 ya haɗa mutane sama da 48,000 a ƙasashe 118.

Abin da ƙarancin lokaci ke fara koya wa mutum shi ne yanke buri. Babbar cutar mai aiki shi kaɗai ita ce ƙari a kan ƙari, domin babu shugaba ko mai ba da jari da zai ce masa ya isa haka. Yau ya ƙara gari, gobe ya ƙara teku, jibi ya rushe duka ya sake sabon gini, har shekaru su shuɗe babu abin da ya kammala. Wanda ke da sa'o'i 48 kuwa tilas ne ya zaɓi dabara guda ɗaya ya zubar da saura. A shekarar 2013 wasu matasa a ƙasar Poland sun shiga wata gasa ta kwanaki bakwai, suka fito da wasan Superhot, wanda gaba ɗayansa ya tsaya ne a kan ƙa'ida guda: lokaci na tafiya ne kawai idan mai wasa ya motsa. Haka nan a taron Nordic Game Jam na 2017, Arvi Teikari ɗan ƙasar Finland ya ƙirƙiri Baba Is You, inda dokokin wasan kansu kalmomi ne da aka jera a fili, mai wasa na tura su yana sauya dokar. Dukkan dabarun biyu ana iya bayyana su cikin jimla ɗaya, kuma a nan ƙarfinsu yake.

Abu na biyu shi ne, irin waɗannan taruka na mayar da faɗuwa abu mai araha. A 2013 wasu 'yan ƙasar Ostiraliya sun yi wani ɗan wasa mai suna Hungry Knight a gasar Ludum Dare, wanda bai samu karɓuwa ba. Asarar da suka yi ba ta wuce ta 'yan kwanaki ba, kuma daga surar jarumin wannan wasa ne aka samu Hollow Knight, wanda ya fito a 2017 aka kuma sayar da miliyoyin kwafinsa. Kazalika Maddy Thorson da Noel Berry sun gina samfurin farko na wasan hawan dutse mai suna Celeste cikin kwanaki huɗu a 2015, sai da suka ga yadda jama'a suka karɓe shi sannan suka zuba masa shekaru. Ga dukkan alamu wannan shi ne tsarin da ya fi dacewa da hankali: a gwada dabaru da yawa da ƙaramin farashi, sannan a kashe dogon lokaci a kan wadda ta nuna alamar rai.

Abu na uku kuwa shi ne idon jama'a. Wanda ya kulle kansa shekaru yana aiki yakan kai matsayin da ba ya iya bambance mai kyau da maras kyau a cikin aikinsa, kuma Barone kansa ya sha bayyana cewa dab da fitar da wasansa ya daina ganin kyansa. A wajen gasa kuwa, kafin mako ya zagayo baƙin da ba su san mutum ba sun gwada abin da ya yi, sun nuna masa inda suka rikice da inda suka gaji. A nan ne kuma mai zane ke haɗuwa da mai rubuta umarnin kwamfuta, mai kiɗa ya haɗu da mai tsara labari.

Ko da yake haka ne, bai kamata a ɗauki waɗannan taruka a matsayin maganin kowace cuta ba. Masu suka na da hujja idan suka ce kwana biyu babu barci na iya saba wa matasa da ɗabi'ar aikin wuce kima, wadda ta daɗe tana lahanta lafiyar ma'aikata a manyan kamfanonin wasanni. Bugu da ƙari, tazarar da ke tsakanin samfurin gasa da hajar da za a kai kasuwa ba ƙarama ba ce. Superhot bai fito a cike ba sai a 2016, Celeste sai a 2018, Baba Is You kuma sai a 2019. Gasa ba ta koyar da talla, ko lissafin haraji, ko yadda ake amsa koke-koken masu saye. Ba ta kuma shirya mutum ga nauyin ɗaukaka, kamar yadda aka gani a kan Dong Nguyen ɗan ƙasar Biyetnam, wanda ya janye wasansa Flappy Bird daga kasuwa a watan Fabrairun 2014 a daidai lokacin da yake samar masa da kimanin dala 50,000 a kowace rana, yana mai cewa wasan ya zame wa mutane jaraba.

Wani abin lura kuma shi ne, mai zaman kansa na dogara ne da kayan aikin da ba shi ke da iko da su ba. A watan Satumban 2023 kamfanin Unity, wanda dubban ƙananan masu ƙirƙira ke gina wasanninsu da manhajarsa, ya ba da sanarwar wani sabon caji a kan duk lokacin da aka sauke wasa. Sai da aka yi ca a kansa sannan ya sassauta, daga bisani ya soke cajin a 2024, amma kafin nan da yawa sun koma ga manhajar Godot wadda take kyauta. Samuwar irin waɗannan kayan aiki na kyauta na da muhimmanci musamman ga ƙasashe masu tasowa, inda ƙananan kamfanoni irin su Kiro'o Games na birnin Yawunde a Kamaru, wanda ya fitar da wasan Aurion a 2016, suka nuna cewa ana iya yin wannan sana'a duk da ƙarancin jari da matsalar wutar lantarki.

A taƙaice dai, matashin da ke sha'awar wannan fage ba ya buƙatar ajiye aikinsa ko barin makaranta kafin ya san ko yana da baiwar. Ƙarshen mako guda ya ishe shi ya gina ƙaramin wasa, ya kammala shi, ya miƙa wa baƙi su gwada, sannan ya sake wani. Idan ya yi haka sau goma, zai san abin da ya iya da abin da yake buƙatar abokin aiki a kansa, kuma sai a sannan ne maganar sadaukar da shekaru huɗu za ta zama shawara mai tushe.