Sauya mudu ba ya ƙara hatsi

A Fabrairun 2025, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce hauhawar farashi a Najeriya ta tsaya a kashi 24.48 cikin ɗari a Janairu, bayan 34.80 a Disamba. Ba kaya ne suka yi araha ba. Hukumar ce ta sauya shekarar da take auna farashi da ita daga 2009 zuwa 2024, ta kuma sabunta jerin kayayyakin da take bibiya.

Haka ma a 2023, rashin aikin yi ya koma kashi 4.1 daga 33.3, bayan an fara ƙirga wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako cikin masu aiki.

Gyaran kuskure daban, sabunta alƙaluma bayan samun ƙarin bayanai daban, sauya ma'auni daban. Ya kamata hukumar da kafafen yaɗa labarai na Hausa su tsayar wa kowanne da sunansa. Idan aka kira su duka "raguwa", magidancin da ya dawo kasuwa da rabin cefane zai daina yarda da kowace ƙididdiga, har da ta gaskiya.