Tsarin "I" bai mutu ba, an dai yi gaggawar haƙa masa kabari

A wasan ƙwallon Amurka akwai tsarin kai hari da ake kira "I", saboda 'yan wasa uku ne ke jeruwa a bayan sahun gaba kamar wannan harafi: mai jefa ƙwallo, sai ƙaƙƙarfan da ke share hanya, sai mai gudu da ƙwallo can baya. Babu ɓoye-ɓoye a cikinsa. Abokan hamayya sun san ta inda za a biyo, abin da ya rage shi ne ko suna da ƙarfin tarewa.

Da shi John McKay ya lashe gasar jami'o'in Amurka da USC a 1962, da shi kuma Tom Osborne ya ɗora Nebraska a kan gaba a 1994 da 1995 da 1997. Amma tun daga 1978, da hukumar NFL ta hana masu tsaron baya tunkuɗe mai jiran ƙwallo idan ya wuce yadi biyar, jifa ta soma yin arha. Sannu a hankali ƙungiyoyi da dama suka sallami mai share hanya, masu sharhi kuma suka yi wa tsarin jana'iza.

Sun manta cewa kowace dabara tana da farashi. Don tare jifa, masu horarwa sun cika bayansu da 'yan wasa marasa nauyi masu zafin nama, wanda kuwa ya yi haka ya bar ƙofa a buɗe ga mai ƙarfi. A kakar 2024 Baltimore Ravens ta sa Patrick Ricard, mai nauyin fiye da kilo 130, a gaban Derrick Henry sau da yawa, Henry kuma ya yi gudun yadi 1,921.

Masu suka suna da hujja guda da ba a iya kauda kai daga gare ta: tsari ne na karo, kai da kai, kuma ƙwaƙwalwar 'yan wasa ce ke biyan bashin bayan sun yi ritaya. Sai dai ba wannan tausayi ne ya sa masu ƙungiyoyi suka juya wa gudu baya ba, lissafin kuɗi ne. Da irin wannan lissafi New York Giants ta bar Saquon Barkley ya koma Philadelphia Eagles a Maris na 2024. Ya yi gudun yadi 2,005 a kakar, ya kuma ɗaga kofin Super Bowl a Fabrairun 2025.